Kafin Ka Koyi Tsalle, Koyi Dira

Mutanen Manchok da Kaura da Kagoro, da na kan tsaunukan Attakar, da ku da ke kama mu daga Kafanchan har zuwa Ganawuri a tsallaken iyakar Filato, ina gaishe ku, sannunku da aikin gona. Sharhinmu na yau a kan tsalle ne. E, tsallen nan dai da kuka sani. Kada wani dattijo ya kai hannu zai murɗa akwatin rediyonsa yana cewa yau kuma wasan yara aka kawo mana. Baba, dakata tukuna, maganar ta shafi ƙafar jikanka.

Wata ranar Asabar da yamma, ruwa ya ɗauke ke nan, aka shigo mini da ɗan ƙanwata goye a bayan abokinsa. Shekarunsa 15. Idon sawunsa na dama ya kumbura suntum. Na ce, "Kai, me ya same ka?" Ya sunkuyar da kai. Abokin ne ya ciro waya ya nuna mini. Ga yaro a kan wani dutse a bayan gari, dutsen ya fi tsayin mutum, ya ware hannuwa kamar shirwa, ya diro. Hoton gaba ɗaya bai wuce daƙiƙa shida ba. Abin da ya tsaya mini a kunne shi ne ƙarar saukarsa: tim! kamar an yar da buhun masara daga kan mota. Na ce a sake kunna mini. A kan dunduniya ya sauka, gwiwoyinsa a miƙe kamar taɓarya, idonsa kuma yana kan mai ɗaukar hoto maimakon ƙasar da zai taka.

Na ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Ya ce, "Kawu, farkur ake ce masa. A TikTok na gani."

Raina ya ɓaci, amma ban yi masa faɗa ba, don ni ma na tuna tawa ƙuruciyar. Layin dogon nan da ya taso daga Kafanchan ya bi ta garinmu ya hau zuwa Jos, a kan ƙarfensa muke gasar tafiya ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, sai mai gadi ya koro mu da bulala. Yaro dai yaro ne, jikinsa yana neman abin da zai gwada ƙarfinsa a kai. Hana shi ba zai yiwu ba. Abin da ya rage shi ne a koya masa. Shi ya sa na zauna na bi diddigin wannan wasa, ga kuma abin da na samo.

Farkur wasa ne na ƙetare duk abin da ya tare maka hanya, katanga ce ko rami ko gungume, da jikinka kaɗai, cikin sauri da sauƙi. Tushensa yana wurin wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Georges Hébert. A ranar 8 ga Mayu, 1902, dutsen Pele da ke tsibirin Martinik ya yi aman wuta, ya shafe garin Sen Piyer, mutane kusan 30,000 suka hallaka. Hébert yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto a gaɓar tsibirin. Abin da ya gani a can ya sa ya ɗauki aƙidar cewa ƙarfin jiki ba shi da wata daraja sai in zai amfani mutane. Da ya koma gida ya tsara hanyar horo mai rassa goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita jiki a kan siririn abu, jifa, ɗaukar kaya, kare kai, da iyo. Daga wannan tsari aka samo filin horon sojoji mai shingaye da ramuka da igiyoyi.

Wani sojan kashe gobara na birnin Faris, Raymond Belle, wanda aka haifa a Biyetnam a 1939, ya gwanance a irin wannan horo. Ɗansa David Belle, haifaffen 1973, shi ne ya fito da abin daga bariki ya kai shi unguwa, a wani ƙaramin gari mai suna Lis a kudancin Faris. Shi da abokansa suka yi shekaru suna horar da kansu kafin duniya ta san da su. A 1997 suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, kalmar da suka aro daga harshen Lingala na ƙasar Kwango, mai nufin ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, Sébastien Foucan, shi ne mutumin nan da James Bond ya yi ta bi a guje a farkon fim ɗin Casino Royale na 2006. Birtaniya ta amince da farkur a matsayin cikakken wasa a 2017, sannan aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a 2022.

To, masu sauraro, ku sake sauraron rassan nan goma. Tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, ɗaukar kaya. Wanne ne a cikinsu yaron Manchok bai yi ba kafin ya cika shekara goma? Shi kansa Hébert bai ɓoye ba, irin ƙirar jiki da zafin naman mutanen da ya gani a tafiye-tafiyensa, har da na nan Afirka, su suka ba shi sha'awa. Ke nan abin da ɗan ƙanwata ya hango a waya, daga wajenmu aka ɗauke shi, aka kai shi Turai aka sa masa riga, ya dawo mana da sabon suna.

In kuna son ganin gwanaye, ba sai kun sayi data ba. Ku fita bakin rafi da sassafe ku tsaya. Ga inna nan tafe da damin itace a ka, goyo a baya. Ku dubi yadda take ƙetare ruwa. Tana isowa bakin rafin za ta ɗan tsaya, idonta ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya har tsallake. Sai ta ɗora gaban ƙafarta a kan na farko, ta ɗan danna ta ji ko yana motsi, sannan ta saki nauyinta. Gwiwarta a ɗan lanƙwashe, kanta bai kaɗa ba, damin bai karkace ba, jaririn ko farkawa bai yi ba. Ku dubi ɗan Fulani mai kiwo yana gangara kwazazzabo da sandarsa a matsayin ƙafa ta uku. Ku dubi maharban da ke fitowa da kwari da baka ranar bikin Afan a Kagoro, kowace 1 ga Janairu, 'ya'yan waɗanda suka rayu a kan tsaunin nan da ya haura mita 1,200. Duk cikinsu ba za ku ji ƙarar sawun ko ɗaya ba. Wannan shirun shi ne darasin farko.

Saboda haka, ƙanena mai sauraro, matso kusa da rediyo. Tashi sama ba wuya, ko kwaɗo yana yi. Aikin yana wurin saukowa. Ka fara a fili, a kan ƙasa mai laushi. Ka tsaya ƙafafunka a buɗe daidai faɗin kafaɗunka, ka yi ɗan tsalle a inda kake. In za ka sauka, gaban tafin ƙafarka, wato tudun nan da ke bayan yatsu, shi zai fara taɓa ƙasa. Gwiwoyi su lanƙwashe a hankali, ƙugu ya ja baya kamar za ka zauna a kujera, ƙirji ya ɗan rusuna, hannuwa a gaba. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta karkato ciki tana neman 'yar'uwarta. Kada kuma ka zube har ɗuwawu ya taɓa dunduniya. Kunnenka ne alƙalinka: in ka ji tim, ka yi kuskure, sake. In abokinka ya juya maka baya bai ji saukarka ba, to ka fara iyawa. Daga nan ka hau bulo ɗaya ka sauko. Ka yi makonni a kan haka kafin ka ƙara na biyu.

Me ya sa nake ja maka rai? Don lissafin ba ya ƙarya. Wanda ya diro daga tsayin mita 2, yana isa ƙasa ne da gudun da ya haura kilomita 22 a awa. Ka tuna yadda keke yake gudu a gangare, sannan ka ce da wannan gudun za ka daki ƙasa. Ƙafar ɗan Adam ƙasusuwa 26 gare ta, yawancinsu ƙanana. In ka lanƙwasa gwiwa, naman cinya da na sha-raɓa ne ke shanye bugun sannu a hankali. In ka sauka a miƙe a kan dunduniya, bugun ya wuce kai tsaye zuwa idon sawu, gwiwa, ƙugu da gadon baya. Ga yaro mai tasowa kuma abin ya fi muni, don a bakin dogayen ƙasusuwansa akwai wuri mai taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, in ya tsage ba a kula ba, ƙafar tana iya tasowa a karkace.

Darasi na biyu, san awon tsallenka. Ka ja layi a ƙasa, ka tsaya a bayansa ƙafa biyu a haɗe, ka kaɗa hannuwa daga baya zuwa gaba, ka yi tsalle iya ƙarfinka. Sai ka auna tazarar da tafin ƙafarka, dunduniya na taɓa yatsa. Ƙafa shida ce ko bakwai? Riƙe wannan adadin a kanka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san kima shi ne wanda ya sha gwaji. In ka shiga daji ka tarar da rami, kada ka ɗauki tazarar da ta kai iyakarka. Rage ƙafa biyu daga awonka, domin a can ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma ka riga ka gaji da tafiya.

Na uku, dira a daidai inda ka nufa, ka kuma tsaya cak. Ka ajiye ƙaramin katako ko ka zana da'ira kamar ta 'yar gala-gala, ka yi tsalle ka sauka a kai, ka ƙirga uku ba tare da ka ƙara taku gaba ko baya ba. Idonka ya kafe a kan wurin da za ka taka tun kafin ka tashi. Wannan shi ne tsallen da ke raba mai ƙetare rafi a bushe da mai komawa gida jiƙe sharkaf da fasasshen baki.

Na huɗu, ƙetare gungume. Ba a tsallake faɗaɗɗen icce a makance. Ka ɗora hannun hagu a kai, ka ɗora ƙafar dama can gefe, ka leƙa ɗaya ɓangaren, sannan ka zuro ƙafar hagu ta tsakaninsu ka sauka. Kamar yadda manomi yake haye shingen gonarsa. Leƙawar nan kuwa kada ka raina ta, zan gaya maka dalili nan gaba kaɗan.

Na biyar, mirginawa, wadda samari suka fi ɗoki. Ba alkafura ba ce. Mai alkafura yana bi ta kan ƙeya da tsakiyar baya, wannan kuwa hanyar karya wuya ce. Mirginawar gwanaye a karkace take: ka durƙusa, ka ajiye tafukan hannu a gaba, ka manna haɓa a ƙirji, ka kawar da kai gefe, ka bi ta bayan kafaɗar dama ka fita ta ƙugun hagu. Kai ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. A kan yashi ko ciyawa mai laushi ake koyonta, daga durƙuso, sai tsugune, sai tsaye. Amma ka ji gaskiya: a cikin daji ba kasafai take da amfani ba. Ƙasa cike take da kututture da tsakuwa da ƙaya. Abin da ya fi a can shi ne ka sauka da ƙafa biyu, ka dafa ƙasa da hannuwa, ka miƙe ka wuce. In kuma wurin yana da tsayi, zauna a bakinsa, ka juya ka rataya da hannu, ka saki. Ka rage tsayin da kusan tsawon jikinka, ba wanda zai tafa maka, amma da ƙafarka za ka koma gida.

Yanzu bari mu shiga dajin kansa, don a nan ne muka bambanta da yaran Faris. Katangar siminti in ka taka ta yau, gobe ma haka za ka same ta. Daji kuwa kullum da sabon hali. Dutsen da ka taka lafiya a watan Janairu, a malkar Agusta gansakuka ta lulluɓe shi, santsinsa ya fi na kuɓewa. Falalen dutse da raɓar asuba ta jiƙa, haka. Gungumen da ka gani ƙato, wataƙila gara ta cinye cikinsa, ɓawo kawai ya rage. Da hunturu busassun ganye suna rufe rami da saiwar icce. Busasshen reshe ba ya sallama kafin ya karye. Dokar ita ce: duk abin da za ka dira a kai, je ka taɓa shi tukuna, ka girgiza shi, ka taka shi da ƙafa ɗaya. Su David Belle ma haka suke yi, sai dai mai ɗaukar hoto ba ya nuna muku wannan ɓangaren.

Sai maganar leƙawa da na yi alkawari. Ƙarƙashin dutse da gefen gungume, nan ne makwancin kububuwa da kasa. Kasa ba ta gudu in ta ji motsi, lafewa take yi, launinta kuma ya saje da ganye. Kada ka cusa hannu a kogon da idonka bai ga cikinsa ba. In tsautsayi ya gitta, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti inda ake da allurar kashe dafi, ba tare da ɓata lokaci ba. Ruwa kuma, in yana gudu ya kai gwiwa, yana iya kayar da ƙaton namiji. Rafin da ya cika ya yi ja bayan an yi ruwa a kan tsauni, ba a yi masa gwaninta, jira ake yi ya janye. Silifa kuwa a bar ta a gida. Kambas ko takalmin roba mai kama ƙafa, wanda ƙasansa bai side ba, shi ne na shiga daji. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma a gida a san inda ka nufa.

Iyaye, ga taku. In yaro ya dawo da targaɗe, mun saba da gasawa da ruwan zafi da ja da murzawa. A kwana biyun farko wannan ƙara kumburi yake yi. A sa masa tsumma mai sanyi, a naɗe da bandeji ba da matsi sosai ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi, ya huta. In kuwa ya kasa taka ta ko taku huɗu, ko ƙashin kansa yana zafi in an danna, ko ƙafar ta canza siffa, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar ɗori. Wanda ya bugu a ka, yana amai ko yana magagi, asibiti kai tsaye.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan wasa? To, mu mutanen ƙasar nan mun san ranar da gudu a daji ya tashi daga wasa. Ba mu manta daren watan Maris na 2014 ba, lokacin da aka afka wa wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumarmu ta Kaura, rayuka sama da 100 suka salwanta. Allah kada ya maimaita mana, Allah ya zaunar da mu lafiya da juna. Amma a irin wannan dare, da daren da rafi ya yi ambaliya, da ranar da wutar daji ta zagaye gona, ba mai iya juyi a iska ake nema ba. Ana neman saurayin da zai saɓa kakarsa a baya ya gangara kwazazzabo cikin duhu bai zame ba, da budurwar da za ta riƙe hannun ƙannenta biyu ta ƙetare da su ruwa. Abin da Hébert ya gano a Martinik ke nan, mu kuma ba sai an ba mu labari ba.

Don haka ina kira ga malaman motsa jiki na makarantunmu, da shugabannin matasa a coci da masallaci. Abin ba ya cin kuɗi: fili, tulin yashi, tsofaffin tayoyi, gungume biyu, da babba guda mai sa ido. A haɗa har da 'yan mata, don su suka fi kowa zirga-zirga tsakanin rafi da gona. A kuma gayyato tsofaffin maharba su zauna a gefe. Abin da za su faɗa a kan dutse da sawu da lokacin da ba a taka wuri, babu shi a waya.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, Allah ya taimaka hoto ya nuna ƙashi bai taɓu ba. Ya yi makonni yana ɗingishi. Da ya warke na kai shi bayan gida na ajiye masa bulo ɗaya. Ya dube ni, ya dubi bulon, ya ce, "Haba Kawu, wannan ai ko ƙanwata za ta dira." Na ce, "To bismilla, ni zan juya baya. In na ji saukarka, ka sake." Ranar sau talatin ina cewa sake. Jiya da yamma ina zaune ina gyaran fartanya, sai na ji an dafa kafaɗata. Na waiga, ga shi yana murmushi. Ya ce, "Kawu, sau biyar na dira a bayanka, ba ka ji ba."

Na ce, "Madalla. Gobe sai mu ƙara bulo na biyu."

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Sai wani makon in Allah ya kai mu. A taka a hankali, a sauka lafiya.